Harawar Delu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ga ta ta zo, amma ku gyara zama, don ta yau ba ta dariya ba ce.

A wani gari can, a gidan ƙarshe da ke jingine da gonaki, an yi wata tsohuwa ana ce mata Iya Tasalla. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse neman abinci. Abin da ya rage mata a duniya shi ne 'yar gonar wake a bayan gida, da tukunyar daddawar da take sayarwa, da akuya guda mai suna Ƙyalla. Ƙyalla ja ce mai farin goshi. A gidan nan ta buɗe ido, ba ta san wani gida ba. A wuyanta akwai wani zagaye inda gashi ba ya fitowa. Ita kanta ba ta san inda ta samo shi ba, ba ta kuma taɓa damuwa ta sani ba.

Iya Tasalla ta iya harawa. Kowa yana yi a garin, amma tata daban ce. In kaka ta yi ta gama roron wake, ba ta barin ganyen ya bushe a gona ya kakkaɓe. Tun yana kore take tuge shi, ta shanya a inuwa, ta nannaɗe dami-dami, ta jera a kan rumfar tsakar gida inda bakin akuya ba ya kaiwa. Sai rani ya yi tsanani, daji ya ƙone ƙurmus, ka ga ta sauko da dami kore shar, ƙamshinsa har ƙofar gida.

Wata shekara Ƙyalla ta haifi ɗa namiji. Da ya isa yaye, sai Iya Tasalla ta ɗaure shi a turken da ke ƙarƙashin rumfa. Safe da yamma ta zuba masa harawa a wata tsohuwar kwatarniya, ta dama masa ruwan dusa da ɗan kanwa. Ita kuwa uwar, kara ne nata da ƙaiƙayi, sai abin da ta tsinto a bayan gari. Ba ta ji haushi ba. Takan tsaya tana kallonsa yana ci, tana cewa a ranta, ɗana ɗan gata ne.

Sai ɗa ya yi ta girma. Gashi ya kwanta yana sheƙi, gadon baya ya cika, wuya ya yi kauri. Ran nan sai ga Cindo mahauci ya yi sallama, da igiya a kafaɗa. Ya danna bayan ɗan akuya da yatsa, ya ɗaga shi ya ji nauyi, ya gyaɗa kai. Sai ya kwance igiyar turke ya sa tasa, ya ja shi suka fita. Da la'asar aka kawo wa Iya Tasalla gero a buhu. Iska kuma ta kaɗo ƙamshin tsire daga bakin kasuwa. Ƙyalla ta tsaya jikin danga ta yi ta kira har muryarta ta dushe.

Shekara ta zagayo, ta sake haihuwa, namiji kuma. Aka ɗaure shi a turke, aka zuba harawa, ya ci ya yi ɓul-ɓul. Cindo ya zo ya danna, ya ɗaga, ya gyaɗa kai, ya tafi da shi.

Kada ku ce tsohuwa muguwa ce. Da geron nan take kaiwa wata kakar, in babu shi ita ce za ta kwana da yunwa. Kuma duk sanda Cindo zai fita da dabba, juya baya take yi ta shige ɗaki. Amma akuya ba ta san lissafin rumbu ba. Abin da ta sani, ta haifa, an ciyar, an yanka.

A haihuwa ta uku Ƙyalla ta tsufa, da ƙyar ta sauka. Sai ga 'ya mace, ja mai farin goshi, uwarta sak. Iya Tasalla ta ɗauke ta ta goge mata jiki da bakin zanenta, tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Kin biyo maza, ke ce Delu." Waɗancan biyun ba ta raɗa musu suna ba. Ƙyalla ba ta kula da wannan ba, hankalinta yana kan rumfa, inda dammunan harawa suke jere suna jira.

Delu ta isa yaye. Ran nan da safe Iya Tasalla ta kama ta, ta ɗaure a turken nan, ta jawo kwatarniyar nan, ta cika ta da harawa. Sai ta ɗauki faifan daddawa ta tafi kasuwa. Ƙyalla ta kafa wa kwatarniyar ido.

To, a gindin danga akwai wani rami, kuma akwai Zomo da ya daɗe yana leƙe ta nan yana haɗiyar yawu. Yana ganin tsohuwa ta fita, sai ya kutso kai.

Ya ce, "Sannu da gida, Gwaggo Ƙyalla. Na ga an yi wa ƙanwata turke."

Ta ce, "An yi mata."

"Har da harawa."

"Har da ita."

Zomo ya kwantar da kunnuwa. Ya ce, "Allah sarki. Gwaggo, na farin nan naki me ya ci?"

Ta ce, "Harawa."

"Na biyun fa?"

"Harawa."

"Ina suke yanzu?"

Ƙyalla ta juya ta dubi Delu a turke.

Zomo ya ce, "Ni dai ban ce komai ba. Amma ina yawo, ina ganin abubuwa. Cindo ba ya sayen ƙashi. In ya danna bayan dabba ya ji tsini, tsaki yake yi ya wuce."

Ƙyalla ta ce, "In ba ta ci ba, Iya za ta dawo ta tarar da ita a kwatarniya."

Ya ce, "Wannan ki bar mini. Don zumunci, kullum zan zo in kwashe in kai daji in zubar."

Ku da kuke saurare kun san dajin da zai zubar. Cikinsa ne. Amma uwar da ta rasa biyu ba ta tsayawa binciken mai ba ta shawara, ko kututture ne ya yi magana za ta bi.

Delu ta riga ta miƙa wuya tana shinshinar kwatarniya. Sai uwar ta shiga tsakani.

Delu ta ce, "Inna, ƙamshi take yi."

Ƙyalla ta ce, "Na sani, 'yata. Kada ki taɓa." Sai ta lashe mata goshi, ta yi mata waƙa:

Kau da kai, Delu, kau da kai,
Koren ganye da igiya a bayansa.
Yayyenki sun ci sun ƙoshi,
Har yau ina jiran su a danga.

Delu yarinya ce mai jin magana. Sai ta kau da kai. Zomo ya yi ta jida har kwatarniya ta koma wayam. Ƙyalla ta jawo wa 'yarta busasshen kara, Delu ta yi ta tauna yana sukar ta a dasashi. Tsohuwa ta dawo ta ga kwatarniya tas, ta ce, "Madalla da Delu, haka nake so." Ta yamma ma da ta zuba ta tafi rijiya, haka aka yi da ita.

Aka yi ta haka, aka yi ta haka. Rumfa tana raguwa, Delu ba ta ƙaruwa. Sa'o'inta na maƙwabta suka fara tsallake katanga, ita tana nan kamar ranar da aka ɗaure ta, sai dai ƙafafu da suka ƙara tsawo.

Ran nan Cindo yana zagayen gidaje kamar yadda ya saba, sai ya leƙo. Ya danna bayan Delu, ya yi tsaki. Ya ce, "Iya, bana hannunki ya mutu ne?" Iya Tasalla ta ji kunya. Ta ce, "Je ka, Cindo." Ya fita yana dariya. Ƙyalla kuwa daɗi ya kama ta, ta zagaya turke tana rawar tsufa. Ta ce dabara ta ci.

Tsohuwa ta zauna ta yi tagumi. Ta ce ko harawar wake ce ba ta karɓe ta ba. Sai ta kwashi daddawar da za ta kai kasuwa, ta kai wa wani maƙwabci ya ba ta harawar gyaɗa. Ta ƙara dusa, ta ƙara kanwa, ta rage tuwon da take tuƙa wa kanta. Ta zuba, ta fita.

Delu ta ce, "Inna, wannan ba irin waccan ba ce. In ɗanɗana ganye ɗaya?"

Ƙyalla ta ce, "Duk hanyarsu ɗaya."

"Inna, cikina yana murɗawa."

"Ki yi haƙuri, 'yata. Damina ta kusa. In ciyawa ta fito za a sake ki, mu tafi tare ki ci har ki gaji."

Sai ta sa ƙafa ta kifar da ruwan dusa, ta sake yi mata waƙar nan. Delu ta kau da kai, amma wannan karon hawaye na bin fuskarta. Zomo ya zo ya kwashe. Da ƙyar ya fita ta ramin danga, don ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace. Ƙyalla ta gani da idonta. Ta ce a ranta wahalar jida ce ta kumbura shi, bawan Allah.

Cindo ya sake biyowa. Bai ma danna ba, daga nesa ya ƙirga haƙarƙari da ido ya wuce. Ƙyalla ta yi murna, sai dai murnar ba ta kai ta farko ba, don ta ga Delu ta fara jingina da turke in za ta tsaya.

Bazara ta shigo da zafinta. Iya Tasalla ta sauko da damin ƙarshe, rumfa ta zama ƙirare kawai, rana tana ratsowa. Shi ma damin ya bi 'yan'uwansa ta ramin danga. Ƙyalla ta buɗe baki za ta yi waƙa, Delu ta ce, "Bar shi, Inna. Na iya. Na kau da kai."

Sai ga Cindo, zuwa na uku. Ya tarar da Delu a kwance, gashi ya tashi tsaye, ido ya faɗa. Ya tsuguna ya buɗe mata baki ya duba. Wannan karon bai yi dariya ba.

Ya ce, "Iya, ki ji tsoron asara. Wannan ba za ta ga ciyawa ba. Ki bar ni in sa mata wuƙa yanzu kafin ta zama mushe, ko fatar a samu."

Ƙyalla ta ji kamar an doke ta da taɓarya. Ramar da ta yi wa 'yarta garkuwa da ita, ita ce yau ta kira wuƙa.

Iya Tasalla ta miƙe tsaye. Ta ce, "Cindo, wa ya gaya maka ta yanka ce? Maza nake ba ka, don su ne geron gidan nan. Wannan mace ce. Ita za ta gaji uwarta, ita za ta cika mini gidan nan da 'ya'ya in ga garke kafin in mutu. Don ta yi ƙashi ta yi ƙwari nake ba ta harawa."

Sai ta jawo Ƙyalla, ta shafa zagayen nan na wuyanta. Ta ce, "Dubi nan. Wannan shaidar igiyar turken nan ce. Uwarta ta mutu ta bar mini ita ba ta fi tafin hannu ba. A nan na ɗaure ta, a kwatarniyar nan ta ci harawa rani guda, har ta zama abin da kake gani. Yadda na yi wa uwa haka na yi wa 'ya. Ban san inda na kuskure ba, Cindo. Wallahi ban sani ba."

Cindo ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba ta lafiya, Iya." Ya ɗauki igiyarsa ya fita.

Ƙyalla tana tsaye, hannun tsohuwa a wuyanta. Sai abin ya dawo mata. Ta tuna inuwar rumfa. Ta tuna ganye yana ƙaras-ƙaras a bakinta, da hannun nan, lokacin bai yanƙwane ba, yana sosa mata gindin kunne. Ashe ita ma 'yar turke ce. Ashe abin da ta hana 'yarta shi ya raya ta. Ta so ta faɗa wa tsohuwa komai, ta buɗe baki, abin da ya fito kukan akuya ne kawai.

Iya Tasalla ta shiga ɗaki. Ta buɗe adudu ta ɗauko zanenta na saƙi, wanda ta ajiye tun na aure, ba ta ɗaura shi sai da salla. Ta ce akwai wani manomi a ƙauyen gaba da aka ce yana da sauran harawa. Ta naɗe zanen a hammata, ta ɗauki sanda, ta kama hanya da rana tsaka.

Ƙyalla kuwa ta fasa danga ta nufi daji da gudu, tana kiran Zomo. Ta same shi a gindin wata sabara, ya miƙe ƙafafu yana gyangyaɗi.

Ta ce, "Zomo, don girman Allah nuna mini inda kake zubar da harawa. Ko wadda ta bushe ce, ko wadda ta haɗu da ƙasa."

Zomo ya yi hamma. Ya ce, "Wace harawa, Gwaggo?"

"Ta Delu. Tana can za ta mutu."

Ya ce, "Ayya. Ai iska ta kwashe." Yana faɗa yana gyatsa, ƙamshin ganyen wake yana fitowa daga bakinsa.

Ƙyalla ta ce, "Kai ka cinye."

Ya ce, "Ke kika ba ni. Na taɓa ɗauka ba ki tsaye a wurin?" Sai ya yi tsalle ya shige ƙaya.

Kada ku tambaye ni abin da ya sami Zomo. Babu abin da ya same shi. Ni ma abin yana ci mini rai, amma haka aka ba ni labarin.

Tana juyowa gida sai hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Ruwan farko ya sauko da iska da sanyi. Da a ce harawa tana kan rumfa, da ta tare ruwan, don dammunan nan su ne rufinta. Yanzu babu ko ɗaya. Ƙyalla ta iso ta tarar da Delu sharkaf cikin taɓo, igiya a wuya, tana karkarwa. Ta tsaya a kanta ta kare ta da jikinta, ruwa yana dukan tsohon bayanta, har ya ɗauke.

Gab da faɗuwar rana sai ga Iya Tasalla, ta jiƙe jagab, babu zane a hammata. Ta lulluɓe ɗan ƙaramin dami da mayafinta, ta rungume shi a ƙirji kamar jariri don kada ruwa ya taɓa shi. Ta durƙusa cikin taɓo, ta warware, ta tsinko ganye mafi kore ta kai bakin Delu.

Ta ce, "Ci, uwata. Ci ko kaɗan."

Delu ta kau da kai.

Ƙyalla ta sa goshinta ta juyo da fuskar 'yarta. Ta ce, "Ci, Delu."

Delu ta ce a hankali, "Inna, kin ce da igiya a bayansa."

Ƙyalla ta ce, "Na yi kuskure, 'yata. Ni na cuce ki. Babu mai yanka ki. Ci."

Sai Delu ta buɗe baki ta karɓi ganye ɗaya. Ta tauna, ta tauna, da ƙyar. Idonta ya ɗan buɗe. Ta ce, "Inna, ashe haka take da daɗi."

Ba ta haɗiye ba. Kanta ya kwanta a cinyar tsohuwa, ganyen yana bakinta.

Iya Tasalla ta daɗe a durƙushe tana shafa ta. Daga baya ta kwance igiyar daga wuyanta, ta haƙa rami a gonar wake da hannunta da 'yar fartanya, ta rufe ta, don ta ce ungulu ba za ta taɓa mai suna ba. Ta dawo ta tattara sauran damin ta zuba a kwatarniya, ta tura gaban Ƙyalla. Ta ce, "Ci ke, marainiyata. Mu biyu muka rage, kada ke ma ki bar ni."

Ƙyalla ta dubi harawar. Ba ta iya kai baki ba. Ta je bakin danga, inda ta tsaya ta kira na fari, ta kira na biyu, ta tsaya ta kira ta uku. Waɗancan an ƙwace mata su ne. Wannan kuwa ba ta da wanda za ta tuhuma.

Ciyawa ta fito bayan 'yan kwanaki, kore shar har bakin ƙofa, kamar yadda ta yi wa Delu alkawari. Ƙyalla ba ta sake haihuwa ba. Tsohuwa kuma har ta koma ga Allah tana cewa laifin hannunta ne.

Shi ya sa har gobe, in akuya ta hango an ɗauko damin harawa, sai ta ɗaga kai ta yi ta kuka tun kafin a sauke. Mutane suna cewa kwaɗayi ne. Ba kwaɗayi ba ne, Delu take kira ta zo ta ci.

To, ku da kuke zaune, ga abin da za ku ɗauka. Tsoro ma yana kashe abin da kake so, kamar yadda wuƙa take yi. Abin da ya cuce ka jiya, ka tsaya ka duba ko shi ne yau kafin ka hana ɗanka. Kuma duk wanda ya ce ka bar abincinka don lafiyarka, ka lura da wuyansa, ko kauri yake yi.

Ƙurunƙus. Tawa ta ƙare a bakin turke, wanda ke da dabba a gida ya tashi ya duba kwatarniyarta.